A Saki Zalɓe da Dogayen Ƙafafunsa Kafin Ruwa Ya Sauka

Sakinatu Tamba,
Shiyar Gabas, Augie,
Jihar Kebbi.
6 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Sufuri,
Ƙungiyar Kai Magani Ƙauyukan Fadama,
Gesse, Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE BABUR ƊIN MARIGAYI TAMBA A SITO DA NIYYAR CIRE MASA ƘAFAFUN GABA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka, ni ce Sakinatu, matar marigayi Tamba, wanda ke kai muku magani da allurar rigakafi ƙauyukan ƙetaren fadama a kan babur. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, kuma daga kaina nake ɗebo abin da zan faɗa, don haka a yi mini uzuri in na sa gaba a baya.

Ranar Alhamis, 14 ga Disamba, 2023, ina shanya shinkafar da na turara a tsakar gida, sai Hodi, makanikin babura na Argungu kuma abokin maigidana, ya yi sallama. Da na ga ya tsuguna a bakin ƙofa bai tambaye ni ko akwai saura a tukunya ba kamar yadda ya saba, jikina ya ba ni. Ya ce Tamba ya tsaya shagonsa bayan azahar, ya jingine babur, ya sha fura, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a ɗauke shi zuwa asibiti rai ya yi halinsa. Bai faɗi ba, bai yi karo da kowa ba. Allah ne ya karɓi abinsa a kan benci, cikin inuwa, da cikinsa a ƙoshe. Na gode wa Allah da wannan. Ƙorafina ba a kan mutuwa yake ba, ga shi kamar haka:

1. An ce mini a rahoton ofishinku an rubuta wai haɗari marigayi ya yi, wai shi ya sa gaban babur ɗin ya fi na sauran baburanku tsawo. Ranka ya daɗe, a iya sanina abin da ya yi karo lanƙwashewa yake yi, ban taɓa jin wanda ya ƙara tsawo ba. Ga yadda abin yake. Lokacin da kuka ba shi babur ɗin, ƙafafunsa na gaba, wato sandunan ƙarfe biyu masu riƙe taya waɗanda makanikai ke ce wa fok, gajeru ne, na titin Birnin Kebbi. A hanyar fadama kuwa, inda shanu suka taka laka ta bushe, duk ramin da ya shiga sai su nutse har ƙarshe su ce ƙwal. Kwalaben magani suna fashewa a cikin akwati. Shi kansa ya dawo gida wuyan hannu a kumbure, ina gasa masa da ruwan zafi, loma ma sai ta yi rawa kafin ta kai baki. Wata shekara albasa ta yi masa kyau, sai ya sayo dogayen ƙafafu masu kauri na babban babur ɗin daji, shi da Hodi suka ɗaura. Ba ƙaramin aiki suka sha ba. Sun canja ƙarfen wuya mai riƙe su, sun sa wayar birki mai tsawo, sun zuba sabon mai, sun ƙara wa ƙafar jingina ƙarfe don babur ya daina kwanciya. Da aka fara kunna fitila, kan giginya ta haska, sai da aka sunkuyar da ita. Marigayi kuma, Allah ya jiƙansa, gajere ne. In ya tsaya, da babban yatsa ɗaya yake taɓa ƙasa, har ya ƙwace mini tsohon turmina ya kife a ƙofar gida don sauka. Matan ƙetare ne suka raɗa wa babur ɗin suna Zalɓe, don yadda yake ratsa ruwa a kan dogayen ƙafafu cikinsa bai jiƙe ba. Shugaban da ka gada ya san da wanga aiki, ya hau bayansa har ƙetare ya dawo yana sa albarka. Ba a rubuta ba, don a lokacin ba wanda ya ga abin rubutawa.

2. Ranar 8 ga Janairu, ina cikin takaba, Malam Muhyiddeen mai kula da sitonku ya aiko aka ɗauke babur daga shagon Hodi. Wannan ba laifi, kayanku ne. Abin da ya taɓa ni shi ne saƙon da ya biyo baya, wai ƙafafun asali sun ɓata, a binciki inda marigayi ya kai su. Mutumin da ko robar ɗaure akwati ta tsinke sai ya kawo muku guntayen! Ranka ya daɗe, ƙafafun asali suna bayan ƙyauren ɗakina, a tsaye, inda ya jingine su da hannunsa ya ce mini amanar ofis ce, kada in bari ko akuya ta shinshina. Da an aiko ko mace ɗaya ta leƙa, da ta gani, ta kuma sha kunu.

3. Dogayen ƙafafun nan da ke jikin babur ɗinku ba na ofis ba ne, gadon marigayi ne. Ranar rabon gado, bayan an gama da gona da tumaki, ƙanensa Sunusi ya tuna wa malamin da ke rabon da su. Malam ya daɗe yana shafa gemu, don magada uku ne, ni da ɗiyarmu Ummu Hani da shi Sunusi, ƙafafu kuwa biyu, kuma suna ɗaure a jikin kayan wasu. Sunusi ya ce in an ba shi ɗaya sai dai ya yi sandar kora tsuntsu a gonar shinkafa. Ranar na fara dariya tun rasuwar. Daga nan muka haɗa baki, a gaban malam da shaidu, muka bar su sadaka mai gudana ga marigayi: su zauna a jikin Zalɓe, duk maganin da ya kai ƙetare da duk mai naƙudar da ya ɗauko, lada ya isa kabarin Tamba. Malam ya yi addu'a, muka shafa. To, ranka ya daɗe, tun Janairu sadakar nan tana kulle a sitonku. Ni dai ban san yadda abu zai gudana yana ƙarƙashin tamfol ba.

4. Da na fita takaba, ranar Litinin 29 ga Afrilu, Sunusi ya rako ni ofishinku. Ba mu same ka ba, an ce kana taro. Malam Muhyiddeen ya karɓe mu da mutunci, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ba zan ɓoye alherinsa ba. Ya ɗaga tamfol na ga Zalɓe, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe sandunan da a da nake ganin fuskata a cikinsu. Na gaishe da babur ɗin, ban ji kunya ba. Sai Malam Muhyiddeen ya ce mini dokar sito ba ta san babur mai tsawon wanga ba, don bai yi daidai da 'yan uwansa ba. Ɗayan biyu za a yi a ƙarshen wannan wata: ko in kawo gajerun ƙafafu a mayar masa, a jefa dogayen cikin tarin ƙarafa, ko a sa shi gwanjo a matsayin wanda ya yi haɗari. Ko wanne aka yi, sadakar marigayi ta yanke. Ga damina ta ƙarato, an fara hadari ta gabas. Kalilu, wanda kuka ba aikin marigayi, mutumin kirki ne, amma babur ɗin da ke hannunsa gajere ne. Tun yanzu da rani ya zo mini da wuyan hannu a kumbure yana tambayar da me nake gasa na Tamba. In ruwa ya cika fadama, a bakin gaɓa zai tsaya yana ɗaga wa matan ƙetare hannu, su ma suna ɗaga masa.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Shugaba abubuwa kamar haka. A goge maganar haɗari da ta ɓatan kaya daga sunan Tamba, Hodi yana nan a Argungu zai ba da shaida, malamin da ya raba gado ma haka. A fito da Zalɓe da dogayen ƙafafunsa, a miƙa wa Kalilu kafin ruwa ya sauka. Shi dogo ne, ba ya buƙatar turmi, amma in yana so na ba shi. A kuma ja masa kunne da abin da marigayi ya koya mini: kowace safiya a goge sandunan nan da tsumma mai laushi kafin a hau, don ƙura ce ke cinye robar da ke tare mai, in ta cinye sai mai ya tsiyaye, ƙafafu su mutu.

Gajerun ƙafafun kuwa naku ne, duk ranar da kuka aiko zan miƙa su. Sai dai in ba a matse ake da su ba, ina roƙon a bar mini ajiyarsu. A da ni ke goge na Zalɓe da safe yayin da mai shi ke shan kunu yana cewa na bar wuri. Yanzu in na idar da sallar asuba, hannuna da kansa yake neman tsumman, sai in buɗe ƙyaure in goge waɗannan. Duk wanda kuka aiko zai tarar da su suna ƙyalli.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka, ya sa ka gama da ofis lafiya.

Taka mai biyayya,

Sakinatu Tamba,
matar marigayi, Augie.