Watan da Rana Ta Dawo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? 'Yan biyu suna gaishe ki, sun ce har yanzu ba su ga hoton jaririnki ba.

Kin san yadda muka yi watannin sanyin nan a wannan ƙasa mai nisa. Rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe tara, kafin a jima ta ɓace, ƙanenki kuwa, baban 'yan biyu, yana kwance ya juya wa ɗaki baya. Wata uku bai taka shagon gyaran kujerun ba. Abinci sai na zauna a kansa. Addu'ata kullum ɗaya ce, Allah ya dawo mana da rana.

To, ta dawo. Yanzu tun kafin biyar gari ya waye, kullum kuma yinin ƙara tsawo yake. Ya tashi, ya yi aski, ya koma aiki. Ranar Talata na dawo daga kai yara makaranta na tarar ya farke kujerun falo duka huɗu, soso ko'ina, ƙusoshi a farantin shayi, wai zai sake musu riga kafin azahar. Har yau a ƙasa muke zama. Ƙaramar 'yan biyun ta ce gidanmu ya zama masallaci.

Na yi murna, kwana uku. Amma Yaya, wannan tashin ba irin wanda na sani ba ne. Da, idan ciwon nan nasa mai hawa da sauka ya hau, wanda likitoci ke ce wa baifola, dariya yake yi, ya yi ta tsara mana manyan abubuwa. Yanzu ƙafarsa ba ta zama, bakinsa ba ya shiru, amma duk abin da ke fita daga bakin baƙi ne. Wai shi kaya ne a kanmu, wai ya cinye mini ƙuruciya a banza. Barcinsa bai wuce awa uku ba. Idan na ji ya shiga wanka ya daɗe, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina kasa kunne, ban ma san me nake jira in ji ba.

Ina da tambaya. Kafin aurenmu kun ce mini ya taɓa kwanciya asibiti lokacin da yake karatu a nan, kuka ce gajiya ce. Wane wata ne? Me ya faru? Don Allah kada ki rufe ni, ni nake tare da shi.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Maman 'yan biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Mu ma jiki lafiya.

A tsaye na karanta amsarki a kicin. Ashe ya taɓa yunƙurin kashe kansa, kuma a daidai irin wannan watan. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban sani ba. Ina da magana a kan wannan, amma ba yanzu ba. Na gode da kika faɗa.

Nan take na kira asibitin da yake karɓar magani, aka haɗa ni da likitarsa. Na ce mata ni na ɗauka duhu ne abokin gabarmu, tunda rana ta fito ai mun tsira. Ta ce mutane da yawa haka suke zato. Ta ce likitoci sun daɗe da lura cewa ga wasu masu wannan ciwon, lokacin da haske ke ƙaruwa da sauri bayan dogon duhu shi ne abin tsoro. Hasken yana rikita barci, ƙarfi ya dawo wa jiki alhali zuciya tana nan cikin baƙin cikinta. Mutumin da a da ko tashi ba ya iya yi, yanzu yana iya aikata abin da yake saƙawa. Na gaya mata ni ce nake yaye labule kowace safiya in ce masa ya tashi ya sha rana. Ta ce ba laifina ba ne, kuma ba rana kaɗai ba ce.

Ta ba mu jibi da safe. Ta lissafa abubuwan da zan kawar daga gidan, na kawar, na kai wa maƙwabciyarmu ajiya. Ta ce kada in bar shi shi kaɗai, kuma in tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba za ta saka masa abin da babu a ransa ba. Idan ya ce e, kada in jira jibi.

Yaya, ta ina zan fara? Mutumin da ko sunansa ba na kira.

Ga abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Ɗazu abokin aikinsa, dogon nan mai tabarau, ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya ce ƙanenki ne ya ba shi kyauta, har da almakashin marigayi Baba, shi kuma abin bai kwanta masa ba. Na ce ya koma da akwatin ya ajiye. Jiya kuma ƙanenki ya zaunar da ni ya nuna mini inda takardun haihuwar yara suke, da yadda ake rufe famfon gida idan ya fashe. Tun daga nan ya natsu. Yana falo yanzu, ina hango shi daga nan, yana taje wa Babbar kai a hankali, abin da bai taɓa yi ba. Natsuwar nan ta fi surutun ba ni tsoro.

Zan ajiye biron nan in tura yara gidan maƙwabciya. Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki,
Maman 'yan biyu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, na san kin kwana da shi a rai. Yana raye. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ranar nan da yara suka fita, na same shi zaune a ƙasa yana linke yadin kujerun. Rana ta cika falon har tana kashe ido. Na zauna gabansa na ce, "Baban 'yan biyu, kana tunanin kashe kanka ne?"

Bai ɗago ba. Ya gama linke yadin, ya daidaita bakinsa, sannan ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce ba kowa, tambaya nake yi.

Ya ce, "Na tsayar da rana ma."

Ban tambaye shi wace rana ba, har yau ban tambaya ba. Na kama hannun rigarsa na ce mu tafi. Na zaci zai yi gardama, sai ya ce in bari ya sa takalmi. A cikin bas ban saki rigar ba, duk tashar da aka buɗe ƙofa sai na ƙara damƙewa. Wata tsohuwa tana ta yi mana murmushi, ina jin ta ɗauka sababbin aure ne.

Kwanansa goma sha tara a asibiti. Sun gyara masa magani. Ya faɗa musu da bakinsa cewa ya daina sha tun makon da ya ji ƙarfi, yana ganin ya warke. Ya dawo gida shekaranjiya. An tsara masa lokacin kwanciya da na tashi, ɗakin a rufe shi da duhu ko da gari bai gama rufawa ba, kuma duk shekara za su fara ganinsa tun kafin yini ya soma tsawo. Kayan aikin suna wajen abokinsa har sai likita ta ce a dawo da su.

Maganar da na ce ina da ita, ga ta. Na san don rufin asiri kuka yi shiru. Amma da ban aiko miki da tambayar nan ba, da ina can ina murna ya warke. Ki gaya wa Inna yanzu, duka, shi ma ya yarda.

Tsoron bai tafi ba, Yaya. Sauran wata biyu kafin yini ya fara raguwa. Likita ta ce in ci gaba da tambayarsa kullum, shi kuma ya yi alkawarin ba zai ɓoye mini ba, ko amsar ba ta da daɗi. Jiya ya ce babu. Yau da na kawo masa shayi na tambaya, har na fara neman takalmina da ido kafin ya ce, "Tunanin ya zo da safe, amma bai zauna ba." Na ce to. Na kira asibiti na gaya musu, suka ce mu zo gobe. Ya shanye shayin.

Yana gaishe ki. Ya ce shi ma zai rubuto miki, idan ya samu abin da zai ce.

Ƙanwarki,
Maman 'yan biyu