Gadon da Ke Bayan Direba

Litinin, 3 ga Maris
Muna isowa Perth daga Port Hedland aka tare mu da gwajin ba-zata a harabar kamfanin tirelolin da muke wa tuƙi. Muka hura na'ura, aka ɗebi yawunmu. Ba giya, ba ƙwaya. Mijina Des sai cika baki yake yi: "Tun ina saurayi suke nema, har yau ba su samu komai a jikina ba." Na taya shi dariya don kada ya tsargu. Abin da ke damuna ba ya fitowa a yawu.

Laraba, 5 ga Maris
Mun koma hanya da mota mai jan tirela uku a jere, ni da mijina kamar kullum, ɗaya na tuƙi, ɗaya na barci a gadon bayan labule. Da rana ina kan sitiyari, minsharinsa ya yanke ɗif. Na kasa kunne, shiru. Can sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Kuma ba yau ya fara ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Shi ke tuƙi. Na leƙa ta labule na ga kansa ya langaɓe, taya ta hau tsakuwar gefen titi.
"Saniya na kauce wa, tsohuwa. Koma ki kwanta."
Babu wata saniya. Ban sake runtsawa ba, a haka na karɓi sitiyari. Marasa barci sun zama biyu ke nan.

Asabar, 8 ga Maris
Ranar Talata zai ga likita don sabunta lasisi.

Lahadi, 9 ga Maris
Na taɓo zancen barcinsa yana gasa nama a bayan gida. Wai kowane direba yana minshari, ni ma ina yi, nawa ma ya fi injin ƙara. Sai kuma ya sha mur.
"Rae, in likita ya tambaye ki, barcina lafiya lau. In suka karɓe lasisin nan me zan koma, mai ba fure ruwa?"
Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka. Gaba kura, baya sayaki.

Talata, 11 ga Maris
Likita ya duba ido da hawan jini, ya auna kaurin wuyansa. Ko yana gyangyaɗi da rana? "Ni? Ko kusa." Sai likita ya juyo gare ni, tunda mota ɗaya muke, ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. Des ya take min ƙafa.
Na ce yana ɗaukewa. Har zancen tsakuwar na faɗa.
Likita ya ce ba tuƙi sai an yi masa gwajin barci an ga magani ya kama. Muka kamo hanya har ƙofar gida. A nan Des ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Juma'a, 4 ga Afrilu
An haɗa ni da wata direba, Noelene, sarkin surutu. Des ya kira ni muna garin Newman, ya fara hucewa. Wai na'urar numfashin da suka ba shi ta mai da shi giwa mai hanci. Sannan ya ce, "Kina samun barci kuwa a bayan baƙuwa?"
Na ce ina fa, ban saba ba.
Tun daga garin Meekatharra ko juyi ban yi ba, sai da Noelene ta girgiza ni. Wannan kam ba zan gaya masa ba.