Alkamar Kwana Arba'in

Asabar da dare, 14 ga wata

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar Ilena, maƙwabciyata 'yar Romaniya mai aikin jinya, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta saba kawo mini burodinsu mai zaƙi, amma yau dafaffiyar alkama ce a ɗan kofi, an kwaɓa ta da sukari. Na ci cokali biyu, na ji daɗinta, na tambaye ta bikin me ake yi.

Ta ce, "Ba biki ba ne, Baba. Wannan ta mamaci ce. Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifina."

Ashe su ma suna da irin gumbarmu ta sadaka. Na yi mata ta'aziyya, na tambaya ko ya daɗe yana jinya. Ta ce shi kaɗai yake zaune a ƙauye, sai da gawarsa ta kwana uku a ɗaki kafin wani ya leƙa.

Na kasa ƙarasa cin. Ɗana Nura, wanda muke zaune tare, ya tafi ƙasar Sin kan maganar kwantenar kaya, sai bayan mako biyu zai dawo. A duk benen nan, in ba ita ba, ba wanda ya san sunana. Shekaranjiya jiri ya kayar da ni a banɗaki, ban gaya wa kowa ba.

Ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona in kwana uku a kan tayil, ba wanka, ba sallah.

Da safe zan kai wa Ilena makullin ƙofarmu da Nura ya bari, in roƙe ta ta riƙa leƙo ni. Yau dai ban sa sakata ba.