Hannun da ke Kafaɗata

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, yaya ciwon bayan? Ina fata kin rage zama a kan keken ɗinkin nan. Ni lafiya ƙalau.

Na ji Yaya ta gaya miki ƙungiyarmu za ta yi bikin cika shekara ashirin ranar Asabar, har kin goge mayafinki na unguwa. Don Allah ki yi zamanki. Zauren akwai matakala da yawa.

To, bari in daina kewaye-kewaye. Ni zan yi jawabi gaban masu ba da tallafi, tunda ni ce yarinyar farko da ƙungiyar ta ɗauka. Kowace shekara Madam, shugabarmu, takan ɗan gyara labarina, yadda kike rage wa riga wuya. Da farko ke matalauciya ce. Daga baya kika zama majinyaciya. Bana kuma ke kika cire ni daga makaranta, kika cusa littattafaina a murhu.

Na san ƙarya ce. Na san ke kika ja ni ina turjewa har ajin farko, lokacin duk ƙungiyar benci biyu ce da allo. Amma uwa ta gari ba ta sa kowa hawaye, Inna, kuma da hawayen nan ake samo kwamfutoci da audugar mata ta yara ɗari huɗu. Madam ta ce in jawabin ya yi armashi, ni ce mataimakiyarta.

Ki gaida Yaya, ki ce ta rage baki.

Taki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa, da fatan kin koma gida lafiya, ƙafar ba ta kumbura ba.

Ashe sai da kika zo. Na hango ki a layin baya, kusa da masu raba ruwa. Duk da haka, ban rage ko kalma daga jawabin ba. Har zancen murhun na faɗa, har na share ido inda Madam ta ja layi a takardar.

Kin ga babban hoton da ke bayana, ni da kayan makaranta ranar farko. An yanke ki daga hoton tun tuni, sai hannunki da ya rage a kafaɗata, da farcen nan da allurar keke ta tsaga. Wata baƙuwa ta tambayi hannun wane ne. Na ce na Madam ne. Zauren ya ɗauki tafi. Ina kallo kika janye hannunki a hankali, kika tura cikin mayafi.

An ba ni kujerar mataimakiyar. Amma wallahi kin ɓata mini ranar, haushinki nake ji. Da kin miƙe kin ƙaryata ni, da na san yadda zan yi da ke. Sai kika fita shiru, kika bar wa maigadi leda.

Na buɗe. Rigar makarantar da kika ɗinka mini ce, ta cikin hoton, a wanke a goge. Madam ta yi murna sosai. Ta sa an ɗan babbaka gefenta, an saka ta a gilashi a bakin ofis, an rubuta cewa ita kaɗai aka ceto daga wutar.

In ɗankwalin rigar yana nan, ki aiko da shi. Kada ki kawo da kanki.

Taki har kullum,
Auta