Tayoyin da na sa wa motarka

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya Fatakwal, ya aiki, ya Hajiya da yara? Mu ma lafiya lau.

Gara ka ji daga bakina kafin Inna ta riga ni. Na sa wa motarka manyan tayoyi saboda yashin rafi, sai ƙarfinta ya mutu. Makanikin Bici ya ce a sauya haƙoran aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, gaba da baya. Ni sarkin wayo na ce na baya ya isa. Jiya na sa giyar ƙafa huɗu, aksul ɗin gaba ya yi wata muguwar ƙara, don haƙoransa ba su dace da na baya ba.

Gyaɗarmu tana tsallaken rafi, da motar za mu kwaso ta, ga hadari kullum. Gobe za a buɗe aksul ɗin. Ka taya mu da addu'a, faɗan kuma ka ajiye min shi sai gyaɗa ta shigo gida.

A gaida Hajiya.

Ƙaninka, Habu