Baba Ya Ƙware a Wasan Motoci, Yanzu Makullin Mota Yake Nema

Hajiya Aliya, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ni direba ne, ina jan motar haya tsakanin Mirriya da Damagaram. Damuwata ba ta hanya ba ce, ba ta jandarma ba ce, a cikin gidanmu take. Mahaifina ne, Allah ya yafe mini.

Tun ban zo duniya ba Baba yake tuƙi. Ya ja babbar mota zuwa Agadas, ya yi Kano har ya gaji, daga baya ya sayi wannan ƙaramar bas da nake ja yanzu. Shi ya koya mini tuƙi, da faɗa da ranƙwashi. Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama da ƙafar dama. Alhamdu lillahi ya tashi, yana magana, yana takawa da sanda, amma ƙafar jan ta yake yi. A gabana likita ya ce maganar tuƙi ta ƙare.

Ana haka sai tsohon abokinsa Alhaji Mahamud, wani ɗan kasuwa daga Kano, ya zo gaishe shi, ya kawo wa jikoki tsarabar wani abin wasa. Bai wuce tafin hannu ba, da ɗan gilashi da maɓallai. A ciki akwai ƙananan motocin wasan yara cunkushe a kan tebur, tsakanin kofuna da cokula. Aikinka ka matsar da wannan, ka ja da waccan baya, har jar motar ta samu hanya ka tuƙa ta zuwa garaji. In ka ci, a ba ka wanda ya fi wuya. Jikokin ko ɗuminsa ba su ji ba, Baba ya karɓe wai zai duba musu.

Da farko ni ma na yi murna, don yatsunsa sun fara motsi. To amma Hajiya, gidan ya koma tasha. Tun bayan sallar asuba ƙarar hon ce, ɗit ɗit ɗit. Yana zagin koriyar mota wai ba ta da tarbiyya. Inna ta ajiye masa fura har ta tsinke bai duba ba. Ina tsakiyar hanya da fasinja cike zai kira ni a waya, in ɗauka gabana na faɗuwa, sai in ji wai ya fitar da jar motar daga bayan butar shayi. In na dawo a gajiye kuma sai ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake shiga kwana, wai tun daga ɗaki yake jin yadda nake wahalar da giyar mota.

Duk wannan na haƙura. Sai ya fara cewa hannunsa ya warke, mutumin da ke fitar da mota daga irin wannan cunkoso ba zai kasa hanyar Mirriya ba. Ya ciro tsohon permi ɗinsa, wato lasisin tuƙi, ya sa a aljihu. Kullum sai ya tuna mini cewa takardun motar da sunansa suke.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci, na rataye riga da makulli a aljihu, na zagaya bayan gida. Sai na ji an tayar da mota. Na fito a guje ba takalmi. Gaskiya ya fitar da ita daga lungunmu tsaf, ko bango bai goga ba. Amma da ya zo tsayawa ƙafar ta ƙi zuwa kan birki. Motar ta bi ta kan dangar maƙwabcinmu Malam Dodo, ta daki rumbunsa, gero ya zube. Matar Malam Dodo ba ta daɗe da tashi daga gindin rumbun nan ba, da goyo a bayanta. Kin san abin da Baba ya ce da na buɗe ƙofa? Wai birkin ne ba kyau, ba na kula da mota.

Ran nan na ɗauke abin wasan na ɓoye a cikin mota. Tun daga lokacin ba ya amsa gaisuwata. Ya juya fuska bango, abinci sai Inna ta yi ta roƙo. Ƙanwata Kande da ke aure a Birni ta kira ta wanke ni tas, wai na raba tsoho da abu ɗaya da ya rage masa. Ita ba ta ga rumbun ba. Ni kuma zuciyata cewa take in sa abin nan ƙarƙashin taya in taka kowa ya huta. Ni ke yini a hanya, ni ke ba maƙwabta haƙuri, ni ne kuma mugu. Yaya zan yi?

Direban da ya rasa sukuni, Mirriya

*

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ka tsorata, kuma tsoronka yana kan hanya. Amma ka huce a kan abin wasan da bai yi laifi ba.

Mayar masa da abin wasansa yau. Ka durƙusa ka miƙa masa, ka ce ka yi kuskure da ka ɗauka ba da izninsa ba. Kada ka haɗa da wa'azi. Ba wasan ne ya sa masa son tuƙi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya, rana ɗaya aka ce ya zauna a tabarma, ko ba wasa zai nemi makulli. A cikin ɗan gilashin nan ne kawai mota take bin umarninsa har yanzu, shi ya sa ya riƙe shi haka. Nan Kande ta yi gaskiya.

Inda kai ka fi ta gaskiya shi ne makulli. Wannan babu sassauci, ko zai yi wata ba ya kula ka. Hana shi tuƙi ba rashin biyayya ba ne, kare shi ne daga ɗaukar ran wani. Kuma kada ka tsaya ga ɓoye makulli. Tsohon direba ba ya rasa na ajiya, wani ma ba ya buƙatarsa. Ka riƙa kwanar da motar a tasha, ko ka cire kan batir in ka ajiye ta. Ka kira Kande ta zo ta ga rumbun da idonta, don ku zama baki ɗaya.

Da ya ce birki ne, ni ina ganin ya san ba birki ba ne. Kunya ce ta hana shi faɗa a gaban ɗan da ya koya wa tuƙi. Don haka kada maganar ta sake fitowa daga bakinka. Alhaji Mahamud ne ya kawo abin, kuma sa'ansa ne. Ka roƙe shi ya raka shi wurin likita a sake duba ƙafar, kai ka tsaya a waje. Abin da ba zai karɓa daga gare ka ba, zai iya karɓa daga aboki. Rumbun Malam Dodo kuwa a gyara shi da wuri, kafin zumunci ya yi tsami.

Sannan ka ba shi wani abu a madadin abin da ka hana shi. Ranar kasuwa ka sa shi a kujerar gaba ku tafi Damagaram, ya ga hanya, ya gaisa da tsofaffin abokan tasha. Zai yi maka gyara tun daga ƙofar gida har ku isa, ka daure. In injin ya canza kuka, shi za ka fara tambaya kafin bakanike, domin kunnensa bai shanye ba. Wayar kuma ka gaya masa cikin ladabi cewa ba ka ɗauka kana tuƙi, za ka kira in ka tsaya. Direba ne, zai gane.

Ƙarar hon da sassafe kam ba ni da maganinta, sai dai ka nemi maɓallin rage murya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanka, kai kuma ya tsare ka a hanya, kai da fasinjojinka.

Hajiya Aliya