Dosiyen Shamsuddeen

Nombakélé, Libreville
Alhamis, 7 ga Maris

Zuwa ga 'yata Saadatou,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne Talha, aminin mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri da wasiƙa. Kunnena ya daina jin magana ta waya, ƙafafuna kuma da ƙyar suke kai ni bakin titi. Moussa mai taksi zai miƙa miki.

Maganar Shamsuddeen ce, ɗan ƙanwata. Da naira ta faɗi shagonsa na Kano ya rufe, ya taho wurina. Wata uku ke nan shi ke dafa mana shayi, shi ke ɗaga ni in na zauna. Izinin zamansa zai ƙare ƙarshen watan nan, kuma kin san yadda ake tare mutane ana tambayar katin zama. Makon jiya mutum huɗu aka kwashe a layinmu. In ya sami aiki, kamfani zai tsaya masa ya sami katin. In bai samu ba, komawa zai yi.

Ya nemi aikin kula da sito a kamfaninku na katako. Ba shi da layin wayar ƙasar nan, sai ya sa lambata. Ranar Litinin saƙo ya shigo wai ya zaɓi ranar ganawa. Ya so ya amsa nan take, na hana shi. Shekara ashirin da shida na yi ina akawun ɗaukar ma'aikata a tashar jiragen ruwa, kuma ba mu taɓa ganin mai rawar jiki da daraja ba. Na ce ya bari sai Juma'a, in sa babbar riga, mu je in gaida direkta, in gabatar da shi kamar ɗan mutane. Har an goge rigar. Ki sanar da direkta zuwanmu.

Naki,
Baba Talha

Batterie IV
Alhamis da yamma

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Baba, don Allah kada ku zo gobe, ba za a bar ku ku wuce ƙofa ba.

Yanzu ba mutum ke riƙe dosiye ba, wato fayil ɗin mai neman aiki, manhaja ce a kwamfuta. Kowane mai nema tana bin sa mataki-mataki: ya nema, an tantance shi, an gana da shi, an ɗauke shi. Tana ƙirga kwanakin da ya yi a kowane mataki. Duk Litinin tana fitar da rahoto zuwa hedikwata, a ga kwana nawa muke yi kafin mu cike gurbi. Bara kwana talatin da huɗu muke yi, aka ce mu dawo ashirin. Shi ya sa aka saita ta: wanda bai amsa saƙo cikin awa arba'in da takwas ba, ta mayar da shi layin "bai amsa ba", ta kira na bayansa.

Na duba. Cikin mutum ɗari da sha biyu Shamsuddeen ne na biyu. Jiya Laraba da ƙarfe goma ta rufe dosiyensa. Da kun taɓa wayar sau ɗaya, Baba, da shi ke nan. Zan yi wa direkta magana, amma ban yi alkawari ba.

'Yarka,
Saadatou

Nombakélé
Asabar, 9 ga Maris

'Yata Saadatou,

Bayan sallama. Na karanta wasiƙarki sau uku, da tabarau da kuma ba tabarau.

Ki faɗa wa direkta laifin nawa ne. Yaron ya ɗauki wayar, ni na karɓe ta daga hannunsa na sa a aljihu. A zamaninmu na taɓa ajiye dosiyen wani a durowa wata guda, saboda ya tafi Garwa binne mahaifiyarsa. Da ya dawo muka ɗauke shi, ya yi shekara goma sha tara. Ban san an daina jiran mutum ba. Babu wanda ke zuwa nan ya ba ni labari.

Na faɗa wa Shamsuddeen. Ya ce, "Ba komai, Kawu, ai ba ka sani ba." Ya tashi ya wanke kofuna, waɗanda ya riga ya wanke. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

In ba za a buɗe dosiyen ba, ina roƙon abu ɗaya. A goge "bai amsa ba". A rubuta cewa ya bi maganar kawunsa.

Naki,
Baba Talha

Batterie IV
Talata, 19 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na jinkirta ne don ina ta ƙoƙari. Na kai wa direkta wasiƙarka, na fassara masa. Ya ce, "Madam, tsohon nan mutumin kirki ne, amma in na buɗe dosiyen, ƙirgan kwanaki zai ci gaba, kuma ni za a tambaya." Jiya aka ɗauki wani. Rahoto ya nuna kwana goma sha tara, hedikwata har ta aiko da yabo. Ban iya cin kek ɗin da aka raba ba.

Abin da ka roƙa kuma, babu gurbinsa. Dalilan rufe dosiye huɗu ne kawai a manhajar, ba a ƙara na biyar. Na buga takardar dosiyensa na rubuta maganarka da biro a ƙasan sunansa. Ga ta nan a ambulan.

Abu na ƙarshe: lambarka na nan a ciki, don haka duk Litinin za ta riƙa turo maka sanarwar sababbin gurabe. In ka ce, gobe zan cire ta, kada ta dame ka.

'Yarka,
Saadatou

Nombakélé
Litinin, 1 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Shamsuddeen ya tafi ranar Asabar, da ƙafarsa, kafin a zo a kama shi. Na sa masa takardarki a jaka. Babbar rigar tana rataye inda ya rataye ta, hannuna ba ya kaiwa ga ƙusar.

Yau da ƙarfe tara wayar ta yi haske. Ana neman direban babbar mota da mai gadi biyu. Na karanta har ƙarshe.

Kada ki cire lambar.

Allah ya yi miki albarka.
Baba Talha